Gidajen Da Soja Suka Ara A Ingila, Da Yadda Talakawa Suka Shige Bariki

Ran 1 ga watan Nuwamba na 1943 aka tara mutanen wani ƙauye da ake kira Imber a ɗakin makarantarsu, can tsakiyar filin Salisbury a kudancin Ingila. Dukansu, yara da manya, kimanin mutum 150 ne. Aka shaida musu an ba su kwana 47 su kwashe nasu-ya-nasu su tashi, don sojan Amurka za su koyi dabarun yaƙi a wurin kafin a haye zuwa Faransa. Ba su da bakin musu, gama Ma'aikatar Yaƙi ta riga ta saye yawancin gonakin ƙauyen da gidajensa tun kafin a fara yaƙin, su 'yan haya ne kurum. Suka sayar da dabbobinsu, suka watse cikin dangi da garuruwan kusa, ana saura mako guda Kirsimeti. Sun tashi da zaton in yaƙi ya ƙare za su komo. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma har wa yau ba wanda aka bari ya koma Imber da zama.

In ana zancen ƙarancin gidajen da ya sami Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da kowa ke fara ambata shi ne boma-boman da jiragen Jamus suka zuba. Gaskiya ne, sun yi ɓarna ba kaɗan ba. Amma akwai wani sanadi da ba a cika faɗa ba, shi kuwa daga cikin gida ya fito, watau gine-gine da filayen da Gwamnatin ƙasar ta karɓe daga hannun masu su, ta ba soja da ma'aikatunta. Mun ga ya dace mu kira shi aron dole, don a takarda aro ne, akwai kuɗin haya, akwai niyyar mayarwa, sai dai mai abu ba shi da ikon ya ce a'a. Muna so masu karatu, musamman malaman makaranta da akawunan da aikinsu ne riƙon littattafan hukuma, su duba yadda aka karɓi waɗannan gidaje da takarda ɗaya cikin yini ɗaya, sa'an nan mayar da su ya ci shekaru, har talakawa suka gaji da jira suka yi wa kansu magani.

Ran 24 ga Agusta 1939, ana saura kwana goma Ingila ta shiga yaƙi, Majalisar Dokoki ta zartar da Dokar Ikon Gaggawa. Daga cikinta aka fitar da ƙa'idodin tsaron ƙasa, ƙa'ida ta 51 kuwa ita ce ta ba hukuma ikon ta shiga kowane fili ko gini ta riƙe shi muddin ta ga akwai bukata. Ba sai an je gaban alƙali ba, ba kuma sai mai gida ya yarda ba. Shirin ma ya girmi dokar. Tun 1938 Ofishin Ayyuka ya fara rubuta wani babban littafi a asirce, inda ake jera manyan gine-ginen ƙasar da sunan ma'aikatar da za a ba kowanne in yaƙi ya tashi. Mutum na zaune a gidansa yana shan shayi, bai san an riga an rubuta sunan gidan a gaban na wata runduna ba.

Waɗanda aka fara taɓawa su ne masu otal-otal a garuruwan shan iska. Da yake ana tsoron za a ragargaza Landan tun makon farko, sai aka kwashe ma'aikatun Gwamnati aka rarraba su. Ma'aikatar Sojan Ruwa ta aika da babban sashenta Bath, Ma'aikatar Abinci ta koma Colwyn Bay, ofishin haraji ya koma Llandudno, aka cika gidajen baƙi na Blackpool da kuratan sojan sama. Kowane ofishi ya zo da dubban akawuna, kowane akawu kuwa sai ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa, don haka ɗakunan haya na waɗannan ƙananan garuruwa suka ƙare ƙaf. Makarantu ma ba su tsira ba. Kwalejin Malvern sau biyu ana tashinta: a 1939 ta yi ƙaura zuwa fadar Blenheim, a 1942 kuma aka sake karɓe ta don masana masu aikin na'urar hango jiragen sama, ɗalibanta suka koma raɓe a makarantar Harrow har 1946. Ko a nan ƙasarmu an ɗanɗana irin wannan. A Ikko soja sun karɓe ɗakunan kwanan ɗaliban King's College, aka kai yaran wani masauki da ake kira Bonanza, mai matsi da ƙazanta. A 1944 suka yi bore, aka kama da yawa daga cikinsu, aka sa takwas aikin soja dole, hayaniyar da ta biyo baya kuwa tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa N.C.N.C. a watan Agusta na shekarar.

To, mu koma Ingila. Abin bai yi tsanani sosai ba sai daga tsakiyar 1940, da aka kwaso mayaƙa wajen 338,000 daga gaɓar Dunkirk. Rundunar da aka shirya za ta yi yaƙi a Faransa sai ga ta a gida, ga sojan Kanada, ga na Polan da sauran ƙasashen da Hitila ya ci. Daga 1942 Amurkawa suka fara sauka, kafin watan Yuni na 1944 sun wuce miliyan ɗaya da rabi. Barikokin da ake da su ba su ɗauki ko kusa da wannan taro ba. Aka shiga karɓar gidajen attajirai na ƙauye, da jerin gidajen bakin teku waɗanda aka riga aka kwashe mazaunansu don tsoron hari, da benayen haya a birane. Inda ba a karɓi gida ɗungum ba sai a ƙwanƙwasa ƙofa a ƙirga ɗakuna, a sauke wa mai gida soja biyu ko uku, ana biyansa ɗan abin da aka yanka. Lissafin Gwamnati ya nuna an karɓi gine-gine sama da 113,000, ban da masana'antu da ɗakunan ajiya, sa'an nan a lokacin da abin ya kai maƙura wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar duka yana hannun soja.

Ƙauyukan da aka tasa gaba ɗaya su ne labarinsu ya fi sosa rai, ko da yake mutanensu ba su da yawa in an gwada da na birni. A 1940 an tashi mutum 219 daga gidaje 54 a kan tsaunin Epynt na ƙasar Wales. A 1942 an tashi ƙauyuka shida a lardin Norfolk. A ƙarshen 1943, lokaci ɗaya da Imber, aka ba mutum 225 na Tyneham da kewayenta wata guda su fita, aka kuma ba kimanin mutum 3,000 na yankin South Hams a lardin Devon mako shida, don bakin tekunsu ya yi kama da inda za a sauka a Normandi. Su mutanen Devon sun yi sa'a, an mayar musu da ƙasarsu a 1944, ko da yake sun tarar da rufi a huje, gonaki cike da harsashi. Na Epynt da Norfolk da Tyneham kuwa shiru kake ji.

Akwai dokar diyya, ita ma ta 1939, kuma a nan ne muke so akawu ya buɗe kunne. Dokar ta ce a biya mai gida hayar da gidan zai iya jawowa dab da karɓarsa, ba a duba hauhawar da yaƙi ya kawo. In an yi ɓarna fiye da tsufan da ya saba kama gini, a biya kuɗin gyara, amma kada ya wuce darajar wurin a ranar da aka karɓa. Da jin wannan sai ka ce an yi adalci. Amma fa dukan da'awar mai gida ta rataya ne a kan takarda ɗaya, watau wadda ake rubuta halin da ginin ke ciki ranar shiga: ƙofa nawa, taga nawa, wace ce a fashe, wane bango ne ya tsage. Inda aka rubuta ta da kyau, lissafi ya zo da sauƙi. Inda runduna ta iso da dare aka shiga a gaggauce, ko kuwa runduna biyar suka yi ta musanya cikin shekara huɗu, sai gardama ta ƙi ƙarewa, kowa ya ce haka ya tarar. Soja kuwa a ko'ina soja ne. Samari ɗari a gidan da ba nasu ba, ga sanyin Turai, ga gawayi ya yi wuya, sai su ɓalle katakon matakala da ƙyauren ɗaki su hura wuta. Sa'an nan diyyar ta mai mallakar gida ce. Ɗan haya, wanda shi ne ya rasa wurin kwana, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Yawancin mutanen Tyneham 'yan haya ne, kuɗin kayan lambun da suka bari a ƙasa aka ba su.

Yanzu sai mu dubi yadda gidaje suka tsaya da aka daina harbi. Boma-bomai sun rushe gidaje sama da 200,000, wasu kimanin 250,000 sun lalace har ba su zaunuwa, ban da miliyoyin da suka sami ƙananan raunuka. Kafin yaƙi ana gina gida sama da 300,000 kowace shekara, amma cikin shekara shida na yaƙin duka abin da aka gina bai kai na shekara guda ba, don magina sun tafi soja, waɗanda suka rage kuwa suna gina filayen jiragen sama da sansani. Cikin wannan lokaci an ɗaura aure sama da miliyan biyu. A watan Maris 1945 Gwamnati da kanta ta ce sai an sami gida 750,000 kafin kowane iyali ya zauna shi kaɗai. In aka jera waɗannan dalilai, aron dole ba shi ne babba ba, kuma ba ma so mu ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ba kuma muna cewa da an bar soja a waje ba ne, ƙasar da ke jiran hari dole ta sauki mayaƙanta. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ana ganinsa da ido. Gidan da bom ya rushe ya tafi, sai haƙuri. Amma tsohon soja da ya komo ya tarar da matarsa da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya a gidan surukai, kullum in ya fita sai ya wuce gida mai ɗaki goma a kulle, da allon Ma'aikatar Yaƙi a ƙofa, ba kowa ciki, wannan haƙurinsa ba zai yi nisa ba.

Me ya hana a mayar da wuri? Dalilan suna da yawa, wasu na gaskiya, wasu na sakaci. Sallamar soja kashi-kashi aka yi ta, daga Yuni 1945 har ta shiga 1947. A watan Satumba 1946 akwai fursunonin yaƙi Jamusawa wajen 400,000 a ƙasar, kowannensu yana bukatar gado. Akwai dubban sojan Polan da suka ƙi komawa gida don ƙasarsu ta faɗa hannun Rasha, aka keɓe musu sansani da yawa. Gidan da aka saki kuma ba ya zaunuwa sai an gyara, gyara kuwa sai da lasisi, ga katako da bulo sun yi ƙaranci. Amma bayan duk wannan akwai halin ofis da kowa ya sani: abin da ya shiga littafin ma'aikata ba ya son fita. Kowace ma'aikata tana riƙe da nata don gudun kada gobe ta bukata, kafin a saki gini ɗaya sai an zagaya da takarda a tambayi sauran ko akwai mai so. An shirya littafin karɓa shekara guda kafin yaƙi, amma shirin mayarwa ya zo a makare.

Alamar farko ta fito daga Brighton a 1945. Wani mai sharar bututun hayaƙi, Harry Cowley, ya tara tsofaffin soja, suna bin gari da dare suna neman gidajen da ke rufe, su ɓalle ƙofa su shigar da iyalin wani soja da kayansu kafin gari ya waye. Abin ya bazu zuwa wasu garuruwa, har Gwamnati ta ga ba dama, ta ƙara wa hukumomin gundumomi, watau kwatankwacin abin da muka sani da En'e, ikon su karɓi gidajen da ba kowa su saka marasa gida. Ka ga dokar da aka yi don soja an juya ta don talaka. Ta taimaka, amma ba ta isa ba.

A watan Mayu 1946 wani mai haska majigi a gidan silima a Scunthorpe, James Fielding, ya rasa inda zai sa iyalinsa, sai ya kwashe su ya kai wani sansanin masu harbo jirage da aka bari, ya zauna a ɗakin cin abincin hafsoshi. Wasu iyalai suka bi shi. Da aka nuna labarinsa a silima, sai abin ya kama kamar wutar daji. Cikin watan Agusta, musamman ranakun Asabar da Lahadi, sai ka ga mutane a hanya da amalanke da keken jarirai da motar kaya ta aro, an ɗora katifa da tukwane, ana nufar sansanin da ya fi kusa. In an isa, kowa ya zaɓi ɗaki ya rubuta sunansa da alli a ƙofa. Yawancin ɗakunan irin waɗanda ake kira Nissen ne, na kwano, siffarsu kamar an tsaga ganga tsaye an kifa rabin a ƙasa, da murhu ɗaya a tsakiya. A watan Oktoba Gwamnati ta ba da lissafi cewa mutum kusan 40,000 sun shige sansani sama da 1,000 a Ingila da Wales kaɗai, ban da na Sikotilan.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda suka tsara zamansu. Yawancinsu tsofaffin soja ne da matansu, sun san bariki ciki da waje. Sai su zaɓi kwamiti, a naɗa ma'aji, a yanka abin da kowane ɗaki zai biya duk mako, a ajiye kuɗin don a nuna ba zaman banza suke so ba. A raba aikin shara da na gadin ƙofa, a aika wakilai wurin hukumar gunduma a roƙi a buɗe famfo a jona lantarki. Mata suka rataya labule, suka raba dogon ɗaki da bargo ya zama ɗaki da falo. Jama'ar gari kuwa suna tare da su, har jaridun da ba su saba goyon bayan talaka ba suka yaba musu.

Ministan Lafiya, Aneurin Bevan, wanda sha'anin gidaje ke hannunsa a Gwamnatin Leba, bai ji daɗi ba. Hujjarsa ita ce kowace gunduma tana da jerin sunayen masu jiran gida, an tsara shi bisa tsananin bukata, in kuwa aka bar mai ƙarfi ya ɓalle ƙofa, to gwauruwa mai 'ya'ya da mai ciwon tarin fuka su za su koma baya. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan jeri ya san maganar tana da nauyi. Amma a kan sansani ba ta zauna ba, gama ɗakunan kwanon nan ba su cikin gidajen da ake rabawa, ba wanda aka yi wa alkawarinsu, ciyawa ce kurum ke cinye su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga baya aka miƙa yawancin sansanonin ga Ma'aikatar Lafiya, gundumomi suka riƙa karɓar haya suna yin ɗan gyara.

A Landan ne aka yi karon batta. Ran Lahadi 8 ga Satumba 1946, ana ruwan sama, mutum sama da 1,000 suka shige wani dogon bene na masu hali a unguwar Kensington, ana kiransa Duchess of Bedford House. Gwamnati ta karɓe shi lokacin yaƙi ta sauki mutanen da aka kwaso daga Jibralta, an kuma gyara shi ana shirin mayar wa masu shi su ba da haya mai tsada. 'Yan jam'iyyar Kwaminis ne suka shirya shigar, kwanaki kaɗan kuma aka shige wasu benaye a Pimlico da Bloomsbury da kusa da Regent's Park. Wannan karon dukiyar masu zaman kansu aka taɓa, ga kuma siyasa ta shigo, don haka Gwamnati ta murtuke fuska. Aka ba da umurnin a yanke lantarki da gas, 'yan sanda suka kewaye wasu gidajen, har sai da aka riƙa jefa wa na ciki abinci ta taga. Aka kama shugabanni biyar, kotu ta ba da odar fita, kafin mako biyu ya cika duk sun fita. Alƙali bai ɗaure shugabannin ba, ya sake su bisa alkawarin ba za su sake ba.

Waɗanda ke sansani kuwa suka zauna, suka sha sanyin farkon 1947, wanda ya kasance cikin mafiya tsanani da aka gani a ƙarnin, a ƙarƙashin kwano. An ce zaman na ɗan lokaci ne kafin a gama gina gidaje, an kuwa gina ƙananan gidajen haɗi sama da 156,000 kafin ƙarshen 1949, ban da na bulo, amma akwai yaran da aka haifa a ɗakin Nissen suka shiga makaranta, har suka kusa gamawa, suna nan ciki. Gidajen da gundumomi suka karɓa don marasa gida ma sai a 1955 aka yi dokar da ta tsara yadda za a rabu da su. A lardin Oxford, mutanen da suka zauna a tsohon filin jiragen sama na Mount Farm sun daɗe har hukumar gunduma ta ga gara ta gina musu gari a wurin. Aka fara a ƙarshen shekarun 1950, aka sa masa suna Berinsfield, yana nan har yanzu.

Tyneham kuwa a 1948 Gwamnati ta saye ta dole, aro ya zama mallaka. A watan Janairu 1961 mutum wajen 2,000 suka yi jerin gwano zuwa Imber suna neman a mayar da ita, aka yi bincike, aka bar ta a hannun soja. Gidajenta na da kusan duk sun zube, an gina wasu na kankare marasa ƙyaure don horon soja. Majami'ar ƙauyen ce aka kiyaye, ana buɗe hanya 'yan kwanaki a shekara mutane su je su gani. In ɗaya daga cikin waɗanda aka tasa ya mutu, akan ba da izini a kai gawarsa a binne kusa da iyayensa. An yi irin wannan jana'iza a watan Janairu 2023, ta wani dattijo da ya bar ƙauyen tun yana yaro.